Daga Mubi zuwa Soa da littattafai huɗu a jaka

Ranar da na bar Mubi hazo ya lulluɓe duwatsu, har ba ma hango Sahuda sai da muka zo dab da ita. Jakata guda ce, amma ɗan acaɓan da ya ɗora ta a gabansa sai da ya waiwayo ya ce, "Alhaji, dutse ka zuba a ciki?" Littattafai ne guda huɗu na shimfiɗa a ƙarƙashin kayan sawa, tsofaffin kundaye na hukunce-hukuncen manyan kotunan Nijeriya, waɗanda na saya ɗaya bayan ɗaya a shekarun da na yi ina aikin magatakarda a kotu. Ba ni da gona a bakin kogi, ba ni da shanu. Waɗannan su ne abin da na ga ya cancanci in kai wa 'yar ƙanena.

Ƙanena ya yi aure a Garwa ta ƙasar Kamaru, can ya zauna yana sayar da atamfa har Allah Ya karɓi ransa. Ya bar 'ya'ya biyar. Babbar cikinsu sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Da ta gama sakandare ta buga mini waya ta ce za ta karanta shari'a a Jami'ar Yawunde ta Biyu, kuma ba dokar Faransa kaɗai ba, har da ta Ingila, da Faransanci da Ingilishi. Na yi murna, amma gaskiya ban gane yadda za a haɗa su a kai guda ba. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina rubuta abin da alƙali da lauyoyi ke faɗa, na san yadda doka ɗaya ke cinye ƙuruciyar mutum kafin ya iya ta. To ina ga biyu? Wannan tambayar ce ta fitar da ni daga gida, bayan zumunci.

Mu mutanen Mubi ba baƙi ba ne ga wannan labari. Garinmu da kansa yana cikin ƙasar da Jamus ta riƙe da sunan Kamaru, har aka fatattake ta a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar tsakaninsu. Kason Ingila aka haɗa da Nijeriya wajen mulki. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama. Mahaifinmu ya jefa tasa, kuma har ya rasu yana ba da labarin dogon layin da suka yi a rana. Kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen arewacin yankin suka zaɓi Nijeriya, aka mai da mu Lardin Sardauna. 'Yan kudanci, mutanen Bamenda da Buya, suka zaɓi Kamaru, suka shiga ranar 1 ga Oktoba na shekarar, ɗauke da Ingilishinsu da kotunansu da hular gashin lauyoyinsu. Da ƙuri'ar mahaifinmu da ta ire-irensa ta karkata ɗaya gefen, da ni ma yau ɗan Kamaru ne mai aiki da dokar Ingila a ƙasar da rinjaye ke ga dokar Faransa.

A kan iyaka aka duba fasfo da katin rigakafi, na canza naira zuwa sefa, na tsallaka Bukula. Fuskoki ɗaya ne, gaisuwar Fulatanci ɗaya ce, amma allunan bakin hanya sun koma Faransanci. Ta Gidar muka bi muka shiga Garwa bayan la'asar, motocin auduga na ta wuce mu. Na kwana biyu a gidan marigayi, na ziyarci kabarinsa, na zauna da matarsa. Ta cika mini wata jaka da kilishi da yajin daddawa da man shanu, ta ce, "Yaya, ka gaya mata ta riƙa cin abinci. Duk lokacin da na kira ta karatu take."

Daga Garwa zuwa Gaundare motar haya ce, ana bi ta gefen gandun dajin Binuwai, sannan a hau wani dogon tsauni mai kwana-kwana wanda manyan motoci ke hawa da ƙyar. Da aka kai saman sai iska ta sauya, na nemi rigar sanyi. Da magariba na shiga jirgin ƙasa mai tafiyar dare, fiye da kilomita 600 zuwa Yawunde. Ban yi barci sosai ba. Duk tashar da aka tsaya mata da yara na zagaye da tagogi da zuma a kwalabe, da ayaba, da wani dogon tuwon rogo da ake naɗewa a ganye. Da gari ya waye babu sauran ƙasar da na sani: daji ne kore shar, bishiyoyi dogaye, jar ƙasa, rufin kwano mai tsatsa.

A Yawunde na sauka a Birketiri, unguwar da Hausawa suka kafa tun zamanin Turawa. Mutum na iya wuni a nan bai buƙaci wani harshe ba. Ga masu ɗinkin hula, ga 'yan canji, ga hayaƙin tsire wanda su can suke kira soya, ga kiran salla daga kowace kusurwa. Wani tsohon abokin cinikin ƙanena ya ba ni ɗaki a gidansa, ya hana ni ko maganar otal.

Washegari Uwata ta zo ta ɗauke ni. Ta durƙusa ta gaishe ni a zaure, na ga ta rame kaɗan, amma idonta na nan da haskensa irin na ubanta. Muka shiga ƙaramar bas zuwa Soa, wani gari a bayan birnin, tafiyar kilomita goma sha wani abu. A 1993 aka raba tsohuwar Jami'ar Yawunde gida biyu, aka kawo fannin shari'a da siyasa da tattalin arziki nan. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa dubu 50 ne a shekara, in ji ta, amma kuɗin ɗaki da na kwafin takardu su ne ke cin aljihu.

Ta nemar mini izini na zauna a can bayan zauren lacca. Ɗalibai ɗaruruwa ne, kujeru hawa-hawa kamar filin wasa. Malamin safe da Faransanci ya yi magana, yana tafiya a hankali, yana ambaton lambobi, ɗalibai na rubutu kai a sunkuye. Ban fahimci kalma goma ba. Bayan azahar wani malamin ya shigo ya buɗe baki da Ingilishi, sai na ji kamar an buɗe mini taga. Sunayen shari'o'in da yake kawowa su ne waɗanda na sha ji a bakin lauyoyi a gida. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗaliban ba su canza ba. Waɗanda suka yi rubutu da safe su ne suke yi da rana. Ta ce haka tsarin yake a nan: malami ya koyar da harshen da ya fi ƙwarewa a kai, ɗalibi ya amsa jarrabawa da wanda ya zaɓa cikin biyun. Wanda ya zo da harshe ɗaya, shekararsa ta farko kusan rabinta a aron littafin maƙwabci take ƙarewa. Ita da Faransanci ta yi makaranta, Ingilishinta kuwa na hutun da take zuwa yi wurinmu a Mubi ne, sai abin da ta ƙara da kanta.

Da yamma muka zauna a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta ɗauko wani littafin rubutu da ta ja wa layi a tsakiyar kowane shafi. Hagu Faransanci, dama Ingilishi. Na ɗauka fassara take yi. Ta ce, "A'a Baffa, da fassara ce da da sauƙi. Bari ka gani."

Ta buɗe wani shafi. A hagu layi biyu ne kacal: sashe na 1382 na kundin dokokin da aka yi a Faransa a 1804, zamanin Napoleon, wanda har yau ake aiki da shi a yankunan Kamaru takwas masu Faransanci. Ta fassara mini: duk aikin da mutum ya yi ya jawo wa wani hasara, wajibi ne wanda laifinsa ya haddasa ta ya biya diyya. Shi ke nan. Daga wannan jumla guda alƙali zai gangaro zuwa ga mai motar da ya take akuya, da maginin da katangarsa ta faɗa wa maƙwabci. A dama kuwa shafin cike yake har gefe, kuma labari ne. Wata mata a garin Paisley na Sikotlan, a 1928, aka saya mata lemon citta a kwalba mai duhu, ta sha rabi, da aka tsiyaye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa. Ta kai ƙarar mai masana'antar lemon, shari'ar ta hau har kotun ƙoli ta Birtaniya, a 1932 alƙalai uku cikin biyar suka ce mai masana'antar na da haƙƙin kula da wanda zai sha abin da ya haɗa. Ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Atkin, ya tambaya, wane ne maƙwabcina a idon doka, ya amsa da cewa duk wanda ya kamata ka san aikinka zai shafe shi.

Wannan shari'ar na san ta tun kafin a haifi Uwata. Amma ban taɓa ganin ta a ajiye kusa da layi biyun nan ba. Ta ɗora yatsa a tsakiyar shafin ta ce, "Ka ga, wuri ɗaya suke zuwa. Amma wannan daga sama yake saukowa, ya fara da ƙa'ida ya nemi mutum. Wannan kuma daga ƙasa yake hawa, ya fara da mutum da kwalbarsa, sannan ya ciro ƙa'ida. In malamin safe ya tambaye ni hujja, lambar sashe yake so. In na rana ne, sunan shari'a da shekararta yake so, da dalilin da ya sa tamu ta yi kama da ita ko ta bambanta."

Na jima ina kallon shafin. Sai na jarraba ta da abin da na sha gani a kotu. Na ce, mutum ya yi wa ɗan'uwansa alkawarin kyautar gida, daga baya ya fasa. Ta yi murmushi, ta ce a dokar Ingila alkawarin da ba a ba da komai a madadinsa ba kotu ba ta tilasta shi, sai in an rubuta shi a takarda ta musamman mai shaidu. A kundin Faransa kuwa kyauta irin wannan sai an je gaban wani jami'i mai hatimi da suke kira notaire ya rubuta, in ba haka ba babu ita. Na ce mata malamanmu na Malikiyya sun ce kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta shi a ƙasan shafin, a kan layin tsakiya. Dukkan ukun tsoro ɗaya suke ji, kada maganar da ta fita a lokacin farin ciki ta raba mutum da dukiyarsa ba tare da ya natsu ba. Kowa da ƙofar da ya kafa don tsaron wannan.

Har yadda ake rubuta amsa ya bambanta. A ɓangaren Faransa dole amsa ta rabu kashi biyu, kowane kashi ya sake rabuwa biyu, da kanun magana a kan kowanne. Wanda ya san abu amma bai tsara shi haka ba ya yi asarar maki. A ɓangaren Ingila za a ba ka labarin rigima, ka tsamo matsalar, ka kawo hukuncin da ya gabata, ka auna, ka ba da shawara. Ta ce a watanninta na farko ta taɓa amsa tambayar dokar Ingila da tsarin kashi biyu, malamin ya rubuta mata a gefe cewa mai ƙara na jiran shawara, ba huɗuba ba.

A nan ne na fito da littattafan. Ta karɓa hannu biyu, ta buɗe na farko, ta yi shiru. Sai ta ce, "Baffa, ka san waɗannan ana kawo su hujja a kotunan Bamenda da Buya?" Ta nuna mini a takardunta. Dokar babbar kotun Kudancin Kamaru ta 1955, sashe na 11, ta ce a yi aiki da dokar Ingila da dokokin da ke ci a can ranar 1 ga Janairu 1900. Wannan rana ita ce dai a dokokinmu na Nijeriya, na sha jin ta har na haddace. Tsarin shari'ar laifuka da suka yi amfani da shi a yankunan nan biyu masu Ingilishi, na Nijeriya ne na 1958, har zuwa lokacin da aka yi wa ƙasar duka kundi guda a 2005, ya fara aiki a farkon 2007. A sabon kundin an ɗebo daga kowane ɓangare: ga alƙalin bincike irin na Faransa, ga kuma tambayoyin ƙure ga shaida irin namu. Lauyoyinsu da yawa ma a makarantar lauyoyi ta Nijeriya suka yi horo. Ashe abin da na ɗauko a matsayin tsaraba daga baƙuwar ƙasa, a wurinta kayan gida ne.

Abokiyar ɗakinta 'yar yankin Arewa maso Yamma ce, wato wajen Bamenda, Kirista, yarinya mai ladabi wadda ta riƙa ce mini "Papa". Ita ta dafa mana shayi. Da hira ta yi nisa sai ta gaya mini iyayenta sun bar ƙauyensu shekarun baya saboda faɗa, yanzu a Duwala suke haya. Kuma wannan faɗan, wanda ya ci rayuka dubbai ya kori mutane har zuwa jihohin Binuwai da Kuros Riba da Taraba, daga kotu ya faro. A watan Oktoba 2016 lauyoyin yankunan biyu suka shiga yajin aiki. Kokensu shi ne ana turo musu alƙalai da masu gabatar da ƙara waɗanda ba su karanci dokar Ingila ba, wasu ma ba sa jin Ingilishi sosai, kuma dokokin kasuwanci da ake hukunci da su babu ingantacciyar fassararsu. Malaman makaranta suka bi su a Nuwamba. A 2017 gwamnati ta buɗe sashen dokar Ingila a kotun ƙoli da kuma a makarantar horar da alƙalai, amma a lokacin wuta ta riga ta kama.

Ni dai na zauna a ƙasan kujerar alƙali shekaru masu yawa, na ga fuskar mutumin da ake yanke wa hukunci da harshen da ba ya ji, yana kallon bakin tafinta kamar mai jiran ruwa. Don haka ban ɗauki koken lauyoyin nan ƙaramin abu ba. Wanda aka yi wa shari'a da tsarin da shi da lauyansa ba su sani ba, ko da an ba shi gaskiya, ba zai fita da natsuwa ba. Kuma ba na jin wata takardar gwamnati za ta magance wannan in babu mutanen da suka zauna suka koyi duka biyun har suka ga mutuncin kowanne. Ga su nan a gabana, biyu, a ɗaki ɗaya mai katifa biyu da risho. Ɗaya tana gyara wa ɗaya Faransanci, ɗayar tana gyara mata Ingilishi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mai masaukina ya kawo wani ɗan kasuwa Bakano, mai kawo yadi daga Kantin Kwari. Ya ba wani mai shago kaya bashi, an yi takarda da Faransanci an sa hannu, wata bakwai ke nan ba kuɗi ba labari. Ya ji an ce 'yar marigayi na karatun lauya. Uwata ta karanta takardar a tsanake, ta ce, "Alhaji, ni ɗaliba ce, ba ni da ikon tsaya maka, sai ka je wurin lauya. Amma zan gaya maka abin da za ka tambaye shi." Ta bayyana masa da Hausa cewa akwai gajeriyar hanya ta karɓar bashin da yake a rubuce, adadinsa sananne, lokacin biyansa ya yi: a kai wa shugaban kotu takardar, ya ba da umarnin biya, in wanda ake bi bai yi jayayya cikin kwanakin da aka ƙayyade ba umarnin ya zama hukunci. Ta juyo ta ce mini, "Kamar jerin ƙararrakin da ba a karewa ne a wurinku, Baffa." Haka ne kuwa, na sha rubuta irinsu.

Wannan doka, in ji ta, ba ta Kamaru kaɗai ba ce. Ta OHADA ce, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a tsibirin Morishus a 1993 don ƙasashe su yi dokar kasuwanci guda. Yanzu ƙasashe 17 ne, babbar kotunsu na Abijan, sakatariyarsu a nan Yawunde. Nijar na ciki, Chadi na ciki, Benin na ciki, Kamaru na ciki. Na ƙirga a zuciyata: duk ƙasar da muka haɗa iyaka da ita ta tudu ke nan. Duk Bahaushen da ya ɗauki albasa ko shanu ko atamfa ya tsallaka iyaka, ta Jibiya ko ta Illela ko ta Gamboru ko ta Sahuda, ya fita daga inuwar dokar Ingila ya shiga ta Faransa, ko ya sani ko bai sani ba. Nawa ne cikin 'ya'yanmu masu karatun lauya za su iya karanta wa irin wannan Alhajin takardarsa? Mutumin ya tashi yana ta sa mata albarka, ya ce zai aiko mata da turmin atamfa, ta ce ya bari sai kuɗinsa sun fito.

Na tambaye ta ko ana irin wannan karatun a wasu ƙasashe. Ta ce ana yi. Kwalejin King's ta Landan da Jami'ar Panthéon-Assas ta Faris suna da digiri na haɗin gwiwa, shekara biyu a can, biyu a can. A Kanada ma, Jami'ar McGill ta Montreal tana koyar da tsarin biyu a aji guda tun 1999, saboda lardin Kebek na bin kundi irin na Faransa, sauran ƙasar na bin na Ingila. Na ce ko tana sha'awar zuwa. Ta ce in Allah Ya kawo hanya za ta je ta ƙaro ilimi, amma abin da ke ranta shi ne jarrabawar shiga makarantar alƙalai. Tana so ranar da aka tura ta Bamenda ko Marwa, duk wanda ya tsaya gabanta ya ji ta da kunnensa.

Kwana shida na yi. Ranar komawa ta raka ni tashar jirgi da yamma, ita da abokiyar ɗakinta. Na isar mata da saƙon mahaifiyarta na cin abinci karo na uku, ta yi dariya ta ce kilishin ma ya kusa ƙarewa. Kafin mu fito na leƙa ɗakin na ga inda ta jera littattafan: a kan katakon da ke saman katifarta, kusa da jan kundin Faransa mai ƙananan rubutu. Ta miƙo mini wata takarda a ninke ta taga lokacin da jirgin ya fara motsi. Sai da muka wuce gidajen bayan gari na buɗe. Jerin shari'o'i ne guda tara na kotun ƙolin Nijeriya, da shekarunsu, waɗanda malaminta ya ambata ba ta samu ba. A ƙasa ta rubuta da Hausa: "Baffa, in ka samu ko da kwafi ne, a ba direban Garwa, Inna za ta aiko mini."